Ina bayan mai sayar da tsofaffin kujeru

Jama'a, yau zan tsokano zancen da na san wasu za su ce na cika son kayan Turawa. A garin da nake zaune a nan Ingila akwai wani ɗan shago, bai fi gareji girma ba, wanda ba ya sayar da komai sai tsofaffin kayan ɗaki na tsakanin ƙarshen yaƙin duniya na biyu zuwa wajen 1970: kujeru masu siraran ƙafafu, teburan cin abinci, dogayen kabad na falo, durowoyi. Kuɗin da ke jikin wasu ya fi na sabo dal a manyan kantuna. Mutanenmu in sun leƙa sukan fito suna dariya, wai gwanjo ne aka sa wa farashin kayan amarya. Ni kam ina bayan mai shagon.

Kayan nan ƙunci ne ya haife su. A lokacin yaƙi katako ya yi wuya, har gwamnatin Ingila ta ƙayyade irin kayan ɗakin da za a riƙa ƙerawa daga 1942 zuwa 1952. Bayan yaƙin kuma gidajen da aka gina ƙanana ne. Sai aka jingine sassaƙe-sassaƙe da ado, aka koma ga kujerar da mace ɗaya za ta ɗaga ta share ƙarƙashinta. Mutanen Denmark suka fi kowa ƙwarewa. Hans Wegner, wanda tun yana yaro ya koyi kafinta, ya fitar da wata kujera a 1949, ita ce Kennedy da Nixon, 'yan takarar shugabancin Amurka, suka zauna a kai a muhawararsu ta talabijin a 1960. Wata kujerar tasa mai mazaunin saƙar igiyar takarda, kamfanin Carl Hansen na yin ta tun 1950 har gobe. A Amurka Charles da matarsa Ray Eames suka shahara wajen lanƙwasa falle-fallen katako. A Ingila kuwa garin High Wycombe ne cibiya, can kamfanin Ercol yake a lokacin, can kuma aka fara ƙera kayan G Plan a 1953. Kayan waɗannan biyun su ne suka fi cika ƙananan shaguna, don su ne ma'aikata da malaman makaranta suka iya saye a zamaninsu.

To amma tarihi ba ya ɗaukar nauyin mutum in ya zauna. Haɗi ne ke ɗauka. Mai shagon yana da wata al'ada, in ka tsaya gaban kabad sai ya zaro durowa gaba ɗaya ya miƙa maka. Ka juya ta, ka duba kusurwa: katakai biyu sun sarƙe da juna haƙori cikin haƙori, babu ƙusa ko ɗaya. Ka kifa kujerar Ercol, za ka ga kowace ƙafa an soka ta cikin ramin da aka huda a jikin mazauni. In ta fara girgiɗi bayan shekara sittin, sai a bubbuge ƙafar ta fito, a kankare tsohon gam, a shafa sabo, a matse ta kwana, shi ke nan ta koma aiki. Yanzu ka gwada haka da kayan garin katako da aka danne aka lulluɓe da leda mai sheƙi. Ruwa ya taɓa gindinsa ya kumbure, ramin sukuru ya zube, kafinta ya duba ya ce maka sai haƙuri.

Kuɗin da mutane ke ƙorafi a kai, rabinsa ladan hannu ne. Mutumin nan shi ke yawon gidajen da ake kwashe kaya bayan rasuwa, shi ke zuwa gwanjo da asuba, ya ɗauko abin da ya yi baƙi ƙirin da dauɗa da tabon kofin shayi. Ya goge, ya shafa mai, ya canja robobin ƙarƙashin kushin da suka bushe, ya sa sabon soso da yadi. Ga hayar shago. Wanda ke son araha ya je gwanjon da kansa, ba a hana shi ba, sai dai ya tafi da ido.

Ba ina cewa duk abin da ke ciki zinariya ba ne. Yawancin dogayen kabad ɗin da ake kira na itacen tik, fallen tik ne siriri aka manna a kan wani katakon, kuma tun asali haka aka yi su. Mai gaskiya zai faɗa maka, ya kuma gargaɗe ka kada ka goge da ƙarfi ka huda fallen. Akwai na jabu birjik, musamman kujerun Eames. Akwai kuma jan katakon Burazil da aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe tun 1992, wanda ko tsohon tebur ne sai da takarda. Af, wani katakon ma daga wajenmu ya zo: gandun dajin Ghana da na kudancin Najeriya sun ciyar da masana'antun Ingila na wancan zamani, ta tashoshi irin su Sapele da Takoradi.

Inda na raba gari da wannan kasuwa shi ne sama, wajen masu sayen suna. A Chandigarh ta Indiya, wani mai zanen gine-gine, Pierre Jeanneret, ya zana kujerun tik da saƙar kara don ofisoshin gwamnati a shekarun 1950. Da suka tsufa aka jibge su a bayan ofis, aka sayar a matsayin tarkace, dillalai daga Faransa suka kwashe, yau ana gwanjonsu da dubban daloli a Paris da New York. Mu ma ba ta bar mu ba. Wani Bafaranshe, Jean Prouvé, ya ƙera gidaje uku na ƙarfe da sanholo don ƙasashe masu zafi, aka kafa ɗaya a Yamai a 1949, biyu a Brazzaville a 1951. Wajen 2000 wani dillali ya saye su, aka kwance aka mayar Faransa. A 2007 aka sayar da ɗaya daga cikin na Brazzaville a New York a kan kusan dala miliyan 5. Mutanen Yamai nawa ne ma suka san an taɓa yin gidan a garinsu? Wannan kasuwar ba ta ɗan shagonmu ba ce. Shi kujerar zama yake sayarwa, su kuwa kadara suke ajiyewa.

Abin da ya fi ci min rai yana gida. Duk wanda ya tashi a kwatas ɗin malamai ko na ma'aikatan jirgin ƙasa a Zariya, Kaduna ko Kano ya san kujerun nan na madaci masu hannun katako da kushin da ake cirewa a shanya. Zamaninsu ɗaya da waɗannan, salonsu ɗaya, kuma yawanci kafintocinmu ne suka yi su. Mun mayar da su bayan gida ruwa na duka, ko mun ba almajirai sun faskare. Muka maye gurbinsu da manyan setuna masu ruwan gwal da suka cinye rabin falo, waɗanda iyaye ke cin bashi su yi wa 'ya jere da su, kafin ta yaye ɗan fari fenti ya fara ɓarewa. Ban hana kowa yayi ba, kuma na san surutun dangin miji ba wasa ba ne. Amma ko kujera biyu daga cikin tsofaffin a gyara a sa a ɗakin karatu.

Matsalar ita ce mai gyaran. Yaran kafinta na yanzu da bindigar ƙusa suka tashi, ka kai musu irin wannan kujera su ɗirka mata ƙusa a haɗi su tsaga katakon. Akwai na mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, a sito a Zariya, gara ba ta taɓa su ba tukuna. Wanda ya san dattijon kafinta a Zariya ko Kaduna da har yanzu yake aiki da kurfi da gam, don Allah ya yi min magana kafin damina ta sauka.