Wa ya ba mu littafin rai mu duba?

'Yan'uwa a cikin Kristi, yau na dawo daga zaman makoki raina a ɓace. Matar marigayin tana zaune a kan tabarma idanu sun kumbura, amma samari a ƙarƙashin rumfa sun buɗe musu: wai mutumin nan yana cikin zaɓaɓɓu, wato waɗanda Allah ya zaɓa domin ceto, ko ba ya ciki? Wannan ya ce tunda ya taɓa ja da baya, to ashe tun farko ba shi da ceto. Wancan ya ce tunda ya taɓa karɓar Yesu, duk abin da ya aikata daga baya ba komai. Har da tafa hannu.

Haba jama'a!

Ban ce kada mu yi tunani ba. Mutanen Biriya, garin da Bulus ya yi wa'azi, kullum suna bin Littattafai su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake, aka kuwa yaba musu. Amma su Littafi suke bi. Mu kuwa sai mu ɗauki aya ɗaya, mu ɗora mata zato a kan zato, har mu kai inda Maganar Allah ba ta kai ba. Tunda Allah ya riga ya san nasa, bishara ta mene ne? Tunda alheri ne, mu ci gaba da zunubi mana? Wannan ta biyun Bulus ya riga ya amsa ta a Romawa 6, amsar kuwa a'a ce ƙiri-ƙiri.

Manyan malamai sun zauna a Dort ta ƙasar Holan daga Nuwamba 1618 har Mayu 1619 a kan batun zaɓen da Allah ke yi domin ceto, har gobe mabiyan Kalbin da na Arminiyus, malaman tauhidi biyu masu ra'ayi dabam a kan batun, ba su zama baki ɗaya ba. Kai ne za ka warware shi a gidan makoki?

Wani ya tambayi Yesu ko masu samun ceto kaɗan ne. Bai ba shi adadi ba, ya ce ku yi fama ku shiga ta ƙunƙuntar ƙofa (Luka 13:24). Bitrus ya tambayi makomar almajiri Yahaya, Ubangiji ya ce masa ina ruwanka, kai dai bi ni.

Ɗan'uwana, ina ƙaunarka shi ya sa nake faɗa. Ka iya lissafin ceton kowa, yaushe rabonka da durƙusawa ka tuba? Don Allah mu bari. Ku koma gidan nan ku yi wa baiwar Allah addu'a, ku kai wa marayunta abinci. Don Allah mu bari!