Wa ya ce maka yaran sun yi barci?

Jiya da la'asar a wani lungu na Domayo, nan Marwa ta ƙasar Kamaru, na tarar da yara suna wasan gida. Wanda aka naɗa maigida bai wuce shekara 5 ba. Ya cire silifas ya ɗaga wa "matarsa" yana cewa: "Wallahi yau sai kin koma gidan ubanki!" Ita kuwa ta durƙusa ta kare kanta da hannu biyu, kamar wadda ta saba gani. Sauran suka kwashe da dariya. Ni dai jikina ya yi sanyi.

Maigida, ka ji tsoron Allah. Kullum sai a ce ai yaro ne, me ya sani? Da zafin nan na Afrilu kowa a tsakar gida yake shimfiɗa tabarma. Yaran da ka ga sun yi lamo, idonsu biyu. Sun ji ashar, sun ji ƙarar mari, sun ji uwarsu tana haɗiye kuka don kada maƙwabta su ji.

Bayan haka sai yaron da ya daina fitsarin kwance ya dawo da shi. Ya riƙa firgita cikin barci, ko in'ina ta kama shi. Mu kuma mu ce iska ce, a je a karɓo rubutu, alhali abin da ke firgita shi yana kwana da shi gida ɗaya. A makaranta ya zauna yana kallon allo hankalinsa na gida, ya faɗi jarrabawar gama firamare ta CEP, ka sake ɗauko bulala wai daƙiƙi ne. Haba! Likitoci sun daɗe da tabbatar da cewa tsoro mai ɗorewa yana taɓa ƙwaƙwalwar da ke kan girma. A 2017 UNICEF ta ce ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya yana zaune da uwar da mijinta ko abokin zamanta ke cin zarafinta. Namu na ciki.

Nana A'isha (RA) ta shaida cewa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ko hadimi da hannunsa ba. Kai da ke sahun gaba a masallaci, wa kake koyi da shi?

Uwargida, na san kina cikin ƙunci, Allah Ya kawo miki mafita. Amma don Allah kada ki huce a kan yaron don ya yi kama da ubansa. Bai yi miki komai ba.

Mu maƙwabta kuma mun iya cewa tsakanin miji da mata sai Allah, mu ja ƙofa. In ta yi yaji, iyaye su maido ta da "yi haƙuri saboda 'ya'yanki", ba wanda ya zaunar da mai dukan. Akwai liman, akwai lawan, akwai dattawan dangi. A kira shi a gaya masa gaskiya.

Ɗan'uwa, in ranka ya ɓaci yau da dare, ka yi alwala, ka fita ƙofar gida ka sha iska. Don Allah ka sauke hannun nan. Don girman Allah ka sauke.