Barka da arziki, amma me ya jawo?

Shekara uku ke nan da na tsallake rijiya da baya a wani babban sito da nake aikin dare a Ingila. Ina tsugune ina duba lambar wani kwali sai na ji ana kirana daga ɗaya layin. Na miƙe, taku uku kawai na yi, sai ƙara a bayana kamar katanga ta rushe. Kayan da motar ɗaga kaya ta ajiye a kantar sama ne suka zubo, daidai inda na bar birona da takardata. Na tsaya ina kallon biron a farfashe, gwiwoyina na rawa, ba abin da ke fita daga bakina sai Innalillahi.

Ba a yi minti goma ba shugabar sashenmu ta zo da fom. Raina ya ɓaci. Ko ƙwarzane ban yi ba, me zan rubuta? Ta ce ai don ban ji ciwo ba ne take so in rubuta: ƙarfe nawa, ina nake tsaye, me na gani, me na ji. Ba ta tambaye ni wa ke da laifi ba. Cikin mako guda aka gano ƙarfen da ke riƙe da kantar ya daɗe da lanƙwashewa, wata mota ta taɓa bugunsa kuma ba wanda ya faɗa. Aka canja shi, aka bi sauran layukan ɗaya bayan ɗaya.

Da gari ya waye na kira Umma. Ta yi shiru, can ta ce, "Alhamdu lillahi, da sauran shan ruwanka a gaba. Allah ya kiyaye gaba." Kafin magariba Yaya ya kira, Kawu ya kira, har waɗanda muka shekara ba mu gaisa ba, kowa na yi mini barka da arziki. Na ba da labarin ya fi sau goma, kuma duk bayarwa sai in ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sai dai a cikinsu duka babu wanda ya tambaye ni me ya sa kayan suka faɗo.

Mu a gida mun iya karɓar wanda ya sha da kyar. Abin da ba mu saba ba shi ne mu tatsi labarinsa don amfanin na baya. Da an ce kwana ne bai ƙare ba, magana ta ƙare, ramin kuma yana nan a buɗe yana jiran ƙafar wani.

Masu harkar jiragen sama da jini suka koyi wannan. Ranar 1 ga Disamba, 1974, jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 yana shirin sauka a filin Dulles kusa da Washinton. Matuƙan suka fahimci umarnin mai kula da sararin sama a matsayin izinin su yi ƙasa tun da wuri, jirgin ya bugi wani tsauni a jihar Bajiniya, mutum 92 da ke ciki duk suka rasu. Da aka shiga bincike sai aka gano cewa mako shida kafin nan wani jirgin kamfanin United ya yi irin wannan kuskuren fahimta a daidai wurin, ya wuce tsaunin da kyar. Matuƙansa sun kai rahoto, kamfaninsu ya gargaɗi nasa ma'aikatan, amma labarin bai isa ga matuƙan sauran kamfanoni ba. Wannan na cikin abin da ya sa a 1976 Amurka ta kafa tsarin da matuƙi ko makanike ko mai kula da sararin sama zai rubuta kuskuren da ya kusa jawo haɗari. Aka damƙa shi a hannun NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, maimakon hukumar da ke hukunta matuƙa, kuma ana cire sunan mai rahoto kafin a yaɗa darasin. Sun gane cewa mutum ba zai faɗi gaskiyar yadda ya kusa hallaka jama'a ba muddin faɗar za ta raba shi da aikinsa.

Ni a ganina nan ne ƙullin yake a wurinmu ma. Direban da barci ya sace shi har motar ta sauka daga titi ba zai ce barci ba ne, zai ce tsautsayi, don ya san abin da zai biyo baya. Mu kuma masu sauraro kunya muke ji mu tona, kada a ce muna ɗora wa bawan Allah laifi alhali ko gama farfaɗowa bai yi ba.

Bara wani ɗan'uwana ya kwana da iyalinsa janareta na aiki a barandar da ke jikin tagar ɗakinsu. Cikin dare kukan jaririyarsu ya tashe shi, ya ji kansa kamar zai tsage, matarsa ta kasa miƙewa. Da rarrafe ya kai ƙofa ya buɗe. An yi masa barka sosai, ni ma na yi. Amma da na ce masa ya gaya wa maƙwabta ainihin abin da ya faru, sai ya ce ai ya wuce. Hayaƙin janareta yana ɗauke da wata iska mai guba da ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda iskar da muke shaƙa ke kama shi sau ɗari biyu da wani abu, mai barci kuma ba ya sanin tana shigarsa. A Ingila tun Oktoban 2022 doka ta tilasta wa masu ba da haya su saka na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, a duk ɗakin da ke da tukunyar ɗumama gida ko murhun itace. Ɗan'uwana ba shi da wannan na'ura, amma yana da labari, kuma labarin zai iya tayar da wani gida daga barci.

Akwai masu ganin tambayar sababi kamar jayayya ce da ƙaddara. Ban yarda ba, kuma ba daga Turawa na samo rashin yardar ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya doshi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya yanke shawarar juyawa da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Manzon Allah (SAW) kuma ya ce ba a saran mumini sau biyu a rami ɗaya. To yaya za a kauce wa ramin da ba a nuna wa kowa ba?

Kada a ɗauka na ce nan Ingila komai daidai yake. Akwai abokin aikina da motarsa ta ƙundumbala a babbar hanya, ya fito da ransa. Kamfanin inshora ya ɗauki bayani, 'yan sanda sun ɗauka, likita ya ɗauka. Ya dawo aiki bayan mako biyu aka ce masa sannu da dawowa, kowa ya koma kan aikinsa. Wata uku bayan nan muna hutun tsakar dare na ce ya ba ni labarin ranar. Ya kalle ni, ya fara, hannunsa na rawa a jikin kofi, ya faɗi yadda yake jin ƙarar ruwan sama a cikin motar da ta kife, yana ƙirga yatsunsa ko suna motsi. Ya ce ni ne na farko da ya tambaye shi ba don cike takarda ba. Na tausaya masa ƙwarai, na tuna kiraye-kirayen da na samu a yini ɗaya.

Ranar Juma'ar da ta wuce na sake kiran ɗan'uwana na roƙe shi. Ya yi shiru, ya ce zai fara da maƙwabcinsu na dama, don shi ma a baranda yake ajiye nasa janaretan, kuma yaransa huɗu a ɗakin da ke jikin barandar suke kwana.