Ƙona shara a makaranta ba tsafta ba ce

A firamare da yawa a Jos, da an gama sharar safe sai a tara ledar fiya wata da busasshen ganye a bayan aji a cinna wuta, wai an tsaftace muhalli. Da hunturu ma har zagaye wutar yara ke yi suna jin ɗumi.

Ai sharar ba ɓacewa ta yi ba, cikin iska ta koma. Hayaƙin leda guba ne, yana tayar da asma, ga shi huhun yaro bai gama ƙwari ba. Gara a ware ta: ganye a zuba a rami ya ruɓe ya zama takin lambun makaranta, gorunan roba kuwa akwai masu saye, a kilo ma.