Minsharin karen nan ba daɗin barci ba ne, iska yake nema

Wata Juma'a cikin watan Afrilu bayan an sauko daga masallaci na biya gidan yayata can unguwar Zariya a nan Maradi, ina zaune kan tabarma ƙarƙashin bedi ana zuba min fura sai na ji wani irin gurnani daga bayan randa kamar injin markaɗe da ya ƙi tashi. Na ɗauka baƙo suka yi ya kwanta. Ashe kare ne, ɗan ƙarami da bai wuce kilo 8 ba, ɗan yayar tawa ne ya zo da shi daga Kwatano inda yake harkar motoci. Fuskar kamar an danne ta da tafin hannu, idanu sun firfito, fatar goshi ta tattare, wutsiya a nannaɗe. Yara sun zagaye shi suna ta dariya, wani na ɗaukar shi da salula wai zai sa a TikTok. Na ce lafiyar shi ƙalau kuwa? Yaron ya ce, "Kawu ai haka irinsu suke, wannan minsharin ma shi ne abin sha'awar."

Ni kuma abin da idona ya tsaya a kai daban ne. Karen ya ɗora haɓarshi bisa bakin wani kwano don wuyan ya miƙe, kuma duk jan numfashi ɗaya sai ka ga fatar tsakanin haƙarƙarinshi ta lotsa ciki, sai ya yi tsit na ɗan lokaci, sai ya zabura ya ja da ƙarfi. Wanda ya taɓa kwana kusa da mai asma ya san wannan kallon. Wallahi raina bai yi daɗi ba, kuma tun ranar nake bin maganar, shi ya sa nake son in faɗa wa matasanmu da suka fara sha'awar irin waɗannan karnukan cewa ƙarar da suke ji ba alamar ƙoshi ko barci mai daɗi ba ce, dabba ce take kokawa da maƙogwaronta.

Turawan Ingila suna ce wa irin karen nan pug, Faransawa kuma carlin, asalinshi daga ƙasar Sin ne, 'yan kasuwar Holand suka kai shi Turai tun wajen ƙarni na 16. 'Yan uwanshi a wannan matsalar su ne buldog na Ingila da buldog na Faransa da pekinuwa da shizu, har da kyanwar nan mai gashi da ake ce wa ta Farisa. Abin da ya haɗa su shi ne mutane sun yi shekaru suna zaɓen wanda ya fi gajeren hanci suna haɗa shi da wadda ta fi gajeren hanci, 'ya'yan ma a sake zaɓe, har ƙashin fuskar ya koma kamar babu. To amma ƙashi ne kawai ya ragu, naman da ke ciki bai ragu daidai da shi ba. Kamar a ce amarya an yi mata kayan ɗaki na ciki da falo sai aka wayi gari aka maida ta ɗaki ɗaya ƙarami, gado na nan, kabad na nan, kujeru na nan, kwalla na nan, hanyar wucewa ce kawai ta ɓace. Haka cikin kan karen nan yake, harshe na babban baki ne a cikin ƙaramin baki, 'yan ƙasusuwan cikin hanci da suke a nannaɗe sun cunkushe wuri ɗaya.

Ka fara duba ƙofar hancin. Karenmu na gida hancinshi a buɗe yake, huda biyu a fili. Na wannan kuwa kamar an tsaga da reza, wani ma in ya ja iska sai gefen hancin ya ƙara rufewa. In kana son ka san yadda abin yake ka zare ruwan bik ka sa bututun a baki ka toshe hanci, ka yi tafiya daga gida zuwa bakin titi kana numfashi ta nan kaɗai. Minti nawa za ka yi? Shi kuma da haka yake kwana yake tashi.

Amma uwar ƙarar tana can ciki. In ka bi ganɗar baki da harshenka zuwa baya za ka ji inda ƙashi ya ƙare nama mai laushi ya soma, wannan naman a wurin kare mai dogon baki yana tsayawa daidai bakin maƙogwaro ya bar hanya. A wurin mai gajeren baki ya yi tsawo ya yi kauri, ya zarce ya rataya a kan ƙofar da iska ke shiga, kamar labulen da ya fi ƙofa tsawo. Iska in ta matsa za ta wuce sai labulen ya dinga kaɗawa, kaɗawar nan ita ce minsharin. Da ya yi barci naman wuya ya saki sai abin ya ƙaru, wani lokaci hanyar ta toshe gaba ɗaya na 'yan daƙiƙu, shi ne wannan tsit ɗin da na gani kafin ya zabura. Shi ya sa za ka ga wasunsu suna barci a zaune, ko da haɓa a kan wani abu, ko da abin wasa a baki don kar bakin ya rufe. Masu su suna ɗauka wayo ne ko shagwaɓa suna ɗaukar hoto, alhali dabara ce ta neman iska. Kuma abin ba ya tsayawa inda yake, domin duk ranar Allah yana jan iska da ƙarfi ta ƙaramar hanya, jan nan yana tsotso naman maƙogwaro zuwa ciki, ya kumbura, hanyar ta ƙara matsewa, ya ƙara ja da ƙarfi, har guringuntsin maƙogwaron ya gaji ya fara ruftawa. In ka ji ƙarar ta tashi daga gurnani ta koma kamar fito mai siriri to abin ya yi nisa. Har cikinsu abin ke taɓawa, da yawansu suna yawan kelaya da dawo da abinci saboda wannan jan.

Yanzu kawo wannan dabbar ka aje ta a Maradi.

Kare ba ya zufa kamar ni da kai, ɗan gumin da yake yi a tafin ƙafa ne kuma bai taka kara ya karya ba. Da haki yake sanyaya jiki, iska ta bi ta dogon hanci da harshe mai danshi ta kwashe zafi ta fita. Zafin jikinshi na lafiya tsakanin digiri 38 ne da 39, in ya haura 41 an shiga haɗari. Mu kuwa nan a Afrilu da Mayu zafin gari kan wuce digiri 40 a inuwa, siminti ya ɗauki zafi har bayan isha'i, ga ɗauke wuta wadda ba ta sallama, fanka ta tsaya kowa ya fito tsakar gida. Karen da hancinshi ya kai rabin kanshi zai zaro harshe ya shiga ƙarƙashin amalanke ya wuce wurin. Wannan kuwa in ya fara haki naman wuyan ne zai ƙara kumbura, ƙoƙarin numfashin kanshi ya ƙara mashi zafi, cikin ɗan lokaci sai ka ga harshe ya sauya ya yi shuɗi-shuɗi, kumfa a baki, ƙafafu sun ƙi ɗaukarshi. In hunturu ya zo kuma ga ƙura. Ko kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa yarda su sa irinsu a wurin kaya don sun sha mutuwa a hanya, balle bayan mota daga Kwatano ko Legas zuwa nan.

Wani zai ce ai Turawa da suka fi mu sanin kare su ne suke ƙaunarsu. Gaskiya ne, a Amurka a 2022 buldog na Faransa ya zama karen da aka fi yi wa rajista, ya ture labrado wanda ya yi shekara 31 yana kan gaba. Amma likitocin dabbobinsu su ne suka fi kowa kuka da abin. A wannan shekarar ta 2022 kwalejin likitancin dabbobi ta Landan ta fitar da bincike cewa pug ya fi sauran karnuka yiwuwar kamuwa da wannan toshewar numfashi har kusan sau 54. A Holand tun 2019 hukuma ta fara hana a haɗa kare don haihuwa in tsawon bakinshi bai kai kashi ɗaya cikin uku na kanshi ba. Buldog na Ingila mafi yawansu sai an yi wa uwar fiɗa ake ciro su saboda girman kai. Kuma ba haka aka halicce su ba tun asali, akwai zanen wani pug da aka yi a Ingila a 1745, in ka gan shi da hancinshi da tsayin ƙafarshi ba za ka ce kakan wannan ba ne. Hannun mutum ne ya matse shi saboda fuska mai faɗi da manyan idanu tana kama da ta jariri, tana sa a saya.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mu ba baƙin kiwo ba ne. Garin jar akuya ne fa nan, wadda fatarta ta yi suna har Turai, an zaɓe ta ne don tagwaye da nono da jure wahala. Je ka kasuwar dabbobi ka ga yadda dattijo yake sayen balami, sai ya buɗe baki ya duba haƙora, ya duba hanci ko da majina, ya sa a kora shi ya ga tafiyarshi, in ya ji ƙirjin yana ƙara ko kyauta ba ya so, ko dillali ya rantse. Mafarautanmu da Buzaye da karensu na Azawak mai dogon baki da siririn ciki, wanda zai bi zomo cikin rana ya dawo da ƙafarshi, su ma zaɓe suka yi, amma sun zaɓi abin da zai amfani dabbar da mai ita. To don me ɗan wanda ba zai sayi rago mai tari ba zai ɗauki kuɗin rago biyu na layya ya sayi karen da aka haifa da ciwon, don kawai ya gan shi a salula?

Na san akwai mai cewa kare ne fa, mutane na fama da tsadar hatsi kai kana zancen hancin kare. Na ji, kuma ni ma ban ce a kawo kare ɗaki ba, malamai sun yi bayanin inda aka yarda a riƙe shi, gadi da farauta da kiwo, wannan kuwa ko ɗaya ba zai iya ba. Amma addinin da ya faɗa mana an gafarta wa mutum don ya shayar da kare mai ƙishirwa bai bar mana hanyar mu mallaki rai mu zuba mashi ido yana shaƙewa muna dariya ba. Akwai kuma mai cewa nashi yana minshari shekara da shekaru kuma garau yake. Zai yiwu, ba duka ne abin ya yi wa tsanani ɗaya ba, wani hancinshi ya fi buɗewa. Sai dai a gwada kafin a ce garau, a yi tafiya da shi da sassarfa ta minti 3 da sanyin safiya a saurara, in yana ƙara ido biyu, in ya daɗe bai dawo daidai ba, to ba garau yake ba, sabo ne kunnenka ya yi.

Wanda ya riga ya saya ba cewa nake ya yar da shi a bola ba, amana ce ta hau kanshi. Kar a ɗaure shi da sarƙa a wuya yadda muke yi wa namu, ɗamarar ƙirji ake sa masu. Kar a cika shi da ragowar tuwo da ƙosai da romo, kitse a wuya shi ne ke ƙara rufe hanyar, rage ƙiba kaɗai yana sauƙaƙa wa da yawa. Fita sai bayan asuba ko da dare, ruwa a gabanshi kullum, in ya galabaita a kwarara mashi ruwan randa a yi mashi fifita, kar a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma don yana riƙe zafi, a nemi likitan dabbobi nan take. Akwai aikin da ake yi a faɗaɗa hancin a rage naman ganɗar kuma yana taimakawa, amma aikin ƙwararre ne da allurar barci, ita ma allurar tana da haɗari ga irinsu. Na ji wata tsohuwa a gidan tana cewa a kira wanzami ya cire mashi beli, don Allah kar a fara, kare ba shi da beli irin namu, jini ne kawai zai cika mashi maƙogwaro. Maganin ciwon jiki na mutane da ake talla a tire ma kar a ba shi, wasu guba ne gare shi.

Na zauna da ɗan yayata na faɗa mashi duk wannan, da farko ya ɓata rai, ya ce Kawu kai dai ba ka son kare. Na ce tashi mu gwada. Muka fita da shi da sassafe, ba mu kai ƙarshen layi ba ya zauna ya baje ƙafafu yana wani irin kuka a wuya, sai ɗauko shi ya yi a hannu muka dawo, bai ce min komai ba. Makon da ya wuce wani abokinshi ya zo daga Katsina yana da macen, wai a haɗa su a raba 'ya'yan, ana samun kuɗi sosai. Ina wurin, na ce mashi ra'ayina a gaban abokin, shi kuma ya ce zai yi shawara. Daren shekaranjiya wuta ta ɗauke wajen ƙarfe 1, yayata ta ce ta leƙo ta gan shi tsakar gida da buta da mafici yana zuba wa karen ruwa, har aka kira assalatu yana nan zaune.