Sojan da ya sha wuta ya fi wanda aka saya wa girma

Masu buga gem ɗin dabarun yaƙi ku matso, yau dai sai na faɗi abin da ke raina. Ni a wajena gem ɗin da soja ke samun ƙwarewa a fagen daga ya fi wanda za ka zuba zinare kawai a ɗaga ma rundunarka gaba ɗaya, nesa ba kusa ba.

Ɗauki Age of Empires II na 1999. Ina son shi wallahi, amma ka lura, can maharbin da ya kashe mutum ashirin da wanda yanzu ya fito daga horo duk ɗaya ne, in ka je maƙera ka biya kuɗin sulke ko na kibiya kowa ya samu lokaci guda, shi ya sa mutum ke tura su cikin wuta ko a jikinshi, in sun mutu a ƙero wasu.

Civilization V kuwa, na 2010, wani abu ne daban. Kowace arangama soja na tara maki, in ya kai 10 a mishi ƙarin girma na farko, na biyu sai 30, sai 60, sai 100, kullum tsanin ƙara tsawo yake. Bariki na ba sabon soja maki 15 tun kafin ya ga abokin gaba. Kuma kai za ka zaɓa mishi hanya, ko ya ƙware a fili ko a tudu da daji, in ka yi haƙuri da maharbinka har ya kai inda zai riƙa harbi sau biyu a zagaye ɗaya ko kibiyarshi ta ƙara nisa, toh wannan ba soja ba ne kuma, dukiya ce. Ranar da ma'aunin lafiyarshi ya yi ja kuma dawakai suka nufo shi, za ka ga hannunka na rawa kana ja da shi baya kana tare mishi hanya da wani sabon shiga. In zamani ya canza ka biya zinare a sauya mishi makami, girmanshi na biye da shi.

Abin da ke ban takaici shi ne masu danna warkewa nan take duk lokacin da aka ba su zaɓin ƙarin girma. Haba! Ka cinye ƙarin girma guda saboda raunin da zai warke in ya huta a gari? Sai dai in mutuwa ce ta zo ido da ido.

Na san me za a ce, wai wanda ya fara cin nasara shi zai ta ƙara ƙarfi har na baya ya kasa kamo shi. Akwai gaskiya a ciki, waɗanda suka ƙera Civilization V ma sun sani, shi ya sa 'yan fashin daji, wato mayaƙan gem ɗin da ba na kowace ƙasa ba, ba sa ba sojanka maki sama da 30, ba dama ka zauna kana kiwonsu. Company of Heroes na 2006 ma ya raba abin biyu, sojan Amurka sai ya yi faɗa yake samun girma, Wehrmacht, wato rundunar Jamus, kuma da kuɗi take saye. Duk wanda ya buga ɓangarorin biyu ya faɗa min tsakani da Allah, mutuwar wane soja ce ta fi mishi ciwo?