Manyan Kano da Gumin da Ba a Rubuta Sunansa Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu, 'yan uwana Musulmi.

Duk wanda ya bi ta Bompai ko Sharaɗa ko Challawa da sanyin safiya zai ga ma'aikata suna tururuwa zuwa masana'antun da suka rage da rai, wasu a ƙafa wasu a kan keke, kuma a gefensu zai ga manyan gine-gine da ƙofofinsu suka yi tsatsa, ciyawa ta cinye harabarsu, alhali shekaru arba'in da suka wuce injinan saƙa ne ke ruri a cikinsu dare da rana. Wannan birni na Kano ya haifi mutanen da sunansu ya ƙetare teku, kuma muna yawan ambatonsu da alfahari a majalisu da kafafen sada zumunta. Abin da ke damuna shi ne yadda muke ambatonsu: mukan tsaya a kan yawan dukiya da girman suna, mu manta da tambayar da za a yi wa kowannensu, a kuma yi mana, a ranar da suna ba ya ceton mai shi.

Mu ɗauki Alhaji Alhassan Ɗantata, Allah Ya jiƙansa. An haife shi a Bebeji a 1877, ya tashi maraya, ya yi karatun allo, sannan ya bi sawun iyayensa a fataucin goro zuwa ƙasar Gwanja. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai sayenta ga kamfanonin Turawa, har ta kai a 1929, lokacin da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙuma ashirin. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a matsayin wanda ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Wannan labari kusan kowane Bakano ya san shi, kuma idan aka nuna hoton dalar gyaɗa, sunansa ne ke fara zuwa baki. To amma wa ya tara dalar? Dubban buhunan nan da aka jera ɗaya bisa ɗaya har suka yi tsiri, a kan wuyan wa suka hau? 'Yan dako ne suka ɗauke su a ka, suna hawa da sauka a tsakar rana, kuma kafin su akwai manomin ƙauye da ya yi huɗa ya yi shuka, da matar da ta zauna ta ɓare gyaɗar da hannunta, da mai jakin da ya kwana a hanya kafin ya iso ma'auni. Babu littafin tarihin da ya riƙe sunan ko ɗaya daga cikinsu, amma littafin da ba ya barin ƙarami ko babba face ya ƙididdige shi, kamar yadda Allah Ya siffanta shi a Suratul Kahfi, ya riƙe kowane buhu da wanda ya ɗauke shi da abin da aka biya shi. Dalar kanta ta tafi. Fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970, da komawar hankalin ƙasa kan man fetur, sun share ta, yau sai a hoto.

A ɗaya gefen birnin, a Gwammaja, akwai gidan Malam Aminu Kano, wanda aka haifa a 1920 ya rasu a 1983, aka kuma binne shi a cikin gidan nasa. Ɗan gidan malamai ne da ya ajiye aikin koyarwa a 1950 ya rungumi gwagwarmayar talakawa a jam'iyyar NEPU, daga baya PRP, kuma gwamnatin jam'iyyarsa ce ta soke haraji da jangali a jihar Kano a 1979. Ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa, amma bai bar abin duniya da za a yi rigimar gado a kansa ba. Yau filin jirgin sama da asibitin koyarwa suna ɗauke da sunansa, kuma ni a ganina abin da ya fi waɗannan gine-gine nauyi shi ne yadda har yanzu tsofaffi a ƙauyuka idan an ambace shi sai su yi masa addu'a ba tare da an roƙe su ba.

Malamai kuwa Kano ba ta taɓa rasa su ba, tun zamanin da Shehu Magili ya sauka wurin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. A zamaninmu an ga Shehu Nasiru Kabara, jagoran Ƙadiriyya da ya rasu a 1996, an ga Shehu Ja'afar Mahmud Adam da aka kashe yana limancin sallar Asuba a masallacin Ɗorayi a 2007, an ga Khalifa Isyaka Rabi'u, mahaddacin Alƙur'ani kuma mai masana'antu, wanda ya haɗa allo da kasuwa har ya rasu a 2018. Fahimtarsu ta bambanta, kuma ban zo yin alƙalanci a tsakaninsu ba. Sun tafi ga Ubangijin da Ya fi mu sanin su, muna kyautata musu zato, muna roƙa musu rahama.

Ku lura, 'yan uwa, da cewa mutanen da gari ke tunawa kusan ba sa wuce kashi uku: attajiri mai kyauta, da malami mai ilimi, da jarumin da ya sadaukar da kansa. Waɗannan ukun ne kuma aka ambata a hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, Allah Ya ƙara masa yarda, game da farkon waɗanda za a yi wa hukunci ranar alƙiyama. Za a kawo wanda aka kashe a fagen fama, da wanda ya nemi ilimi ya karantar ya karanta Alƙur'ani, da wanda Allah Ya yalwata masa dukiya ya ciyar, kowanne ya ce don Allah ya yi, sai a ce masa ƙarya yake yi, ya yi ne don a ce jarumi ne, ko a ce malami ne, ko a ce mai kyauta ne, kuma an riga an faɗa. Sannan a ja shi a kan fuskarsa zuwa wuta. Wallahi ban kawo wannan hadisi don bayin Allah da na ambata ba, domin ba mu da iko a kan abin da ke cikin zukatansu. Na kawo shi ne don ni da kai, mu da muke zamanin da buhun shinkafa ba ya isa hannun maraya sai an ɗauki hoto an watsa a Facebook, zamanin da matashi ke burin zama Ɗangote ba don ya ɗauki mutum dubu aiki ba, sai don a riƙa nuna shi da yatsa. "An riga an faɗa" kalma ce da ya kamata ta hana mai neman suna barci.

Neman dukiya ba laifi ba ne, kuma garin da ba shi da attajirai masu kafa masana'antu yunwa ce ke zama sarkinsa. Rufewar masaƙu saboda ƙarancin wutar lantarki da kwararowar atamfar waje ta nuna mana haka, domin kowace ƙofa da aka garƙame gidaje ɗaruruwa ne tukunyarsu ta yi sanyi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi bushara cewa ɗan kasuwa mai gaskiya da amana yana tare da annabawa da siddiƙai da shahidai. Sai dai shi ɗin ne kuma ya sanar da mu cewa dugadugan bawa ba za su gusa ba ranar alƙiyama sai an tambaye shi game da dukiyarsa, ta ina ya same ta, kuma a ina ya kashe ta. A cikin hadisi ƙudusi da Bukhari ya ruwaito, Allah Maɗaukaki Ya ce Shi da kanSa ne abokin shari'ar mutum uku a ranar alƙiyama, ɗaya daga cikinsu shi ne wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki daga gare shi, sannan ya hana shi ladansa.

Don haka, Alhaji, kai mai kamfani a Sharaɗa, ka dubi ma'aikacin da ya shekara biyar a gaban injinka yana matsayin na wucin gadi, wanda idan injin ya datse masa yatsa sai a ba shi kuɗin magani na kwana biyu a ce ya huta a gida. Kai mai majema, ka dubi inda ruwan dattin fatunka yake malala, da manoman rafi da ke bayi da shi, da yaran da ke wanka a ciki. Kai mai shago a Kantin Kwari ko Singa, ka tuna da yaron da iyayensa suka damƙa maka shi amana, ya shekara goma yana buɗe maka shago yana rufewa, har gemu ya fito masa, kuma duk lokacin da aka yi maganar sallama sai ka ce a bari kasuwa ta gyaru. Kai mai ma'auni a Dawanau, ka sake karanta farkon Suratul Muɗaffifina kafin ka ɗora tiya a kan buhun baƙauye. Masallacin da za ka gina da sunanka a rubuce a ƙofa ba zai biya maka haƙƙin waɗannan ba, domin haƙƙin bawa sai bawa ya yafe.

Kai kuma ɗan uwana lebura, mai fita tun kafin gari ya waye ka dawo da ƙurar auduga a gashin ido, kada ka raina kanka don babu titin da za a sa wa sunanka. Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya ruwaito cewa Allah Yana son bawa mai taƙawa, mai wadatar zuci, ɓoyayye. Ka riƙe amanar kayan ubangidanka, kada ka saci lokacin aikinsa, kada ƙarar inji ta sa ka haɗa Azahar da Magariba, ka kuma nemi haƙƙinka ta hanyar da shari'a ta yarda.

Ya Allah Ka jiƙan magabatan wannan birni, attajiransu da malamansu da sarakunansu da shugabanninsu, Ka jiƙan 'yan dakon da suka ɗauki buhunan gyaɗa da masaƙan da suka tsufa a gaban inji, waɗanda muka manta sunayensu Kai ba Ka manta ba. Ka buɗe ƙofofin masana'antunmu da suka rufe, Ka sanya tausayi a zukatan masu su, Ka tsare mu daga zuwa gabanKa da gumin ma'aikata a wuyanmu. Amin.